Jan Vermeyen Dogon Gemu: Mai Zanen da Ya Bi Sarki Yaƙin Tunis

Idan aka ambaci darduma, abin da yakan zo wa Bahaushe a rai shi ne abin shimfiɗa, ko ta salla ko ta zaman fada. To, a Turai ta ƙarni na 16 akwai wata irin darduma da ba a taka ta da ƙafa. A bango ake rataya ta, tsayinta yakan kai na mutum uku, ana saƙa ta da ulu da alharini da zaren zinariya, kuma a jikinta akwai hotunan mutane da dawakai da jiragen ruwa, kai ka ce motsi za su yi. Sarakuna da manyan attajirai ne kawai ke iya mallakar irinta. A wancan zamani ta fi hoton fenti daraja nesa ba kusa ba, domin sarki yakan naɗe ta ya tafi da ita duk garin da ya sauka, a rataya masa, baƙi su shigo su ga ƙasaitarsa tun kafin ya buɗe baki.

Wannan maƙala za ta bi tarihin ɗaya daga cikin mutanen da suka zana wa masaƙan irin waɗannan dardumomi abin da za su saƙa, wato Jan Cornelisz Vermeyen. Abin da ya bambanta shi da sauran takwarorinsa shi ne, su a ɗaki suka zauna suka ƙago yaƙoƙin da aka yi shekaru dubu da ɗoriya kafin a haife su, shi kuwa da ƙafarsa ya taka fagen fama a ƙasar Afirka, da takarda da alƙalami a hannunsa.

Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Vermeyen a wajajen shekarar 1500 zuwa 1504 a wani ƙaramin gari mai suna Beverwijk, kusa da birnin Haarlem, a ƙasar Holan. Ga ɗaliban harshe, sunan nasa ma abin dubawa ne. Jan dai ana furta shi ne Yan, kuma shi ne Yahaya ko Yohanna a harshensu. Cornelisz kuwa na nufin ɗan Cornelis, kamar yadda za mu ce Musa ɗan Audu. A lokacin ba a raba Holan da Beljiyam ba. Larduna ne da yawa a ƙarƙashin gidan sarauta guda, gidan Habsburg, kuma mai ƙasar shi ne Charles na Biyar, wanda aka haifa a garin Ghent a 1500, ya zama Sarkin Sifaniya a 1516, aka kuma zaɓe shi sarkin sarakunan Daular Rum Mai Tsarki a 1519. Ke nan shi da mai zanen nasa kusan sa'o'in juna ne.

Da yake ƙasashen Charles sun yi masa yawa, goggonsa Margaret ta Ostiriya ce ke riƙe masa waɗannan larduna, tana zaune a garin Mechelen. Mace ce mai son littattafai da zane da kiɗa, fadarta kuwa matattarar masu fasaha ce. A 1525 ta ɗauki Vermeyen ya zama mai zanen fadarta, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Masana zane suna ganin hannun Jan Gossaert, wani gwani da ya gabace shi, a cikin ayyukansa na farko.

Babban aikinsa a wannan fada shi ne zana fuskokin mutane. Mai karatu ya tuna babu kyamara a lokacin. Idan sarauniya tana son ta ga yadda ɗan ɗan'uwanta ya girma, ko ana neman haɗa aure tsakanin gidajen sarauta biyu, sai a tashi mai zane ya je ya zano fuskar ya kawo. A kan haka ne Margaret ta tura shi Augsburg ta ƙasar Jamus a 1530, lokacin da ake babban taron daula, domin ya zano mata danginta. Mutanen da ya zana sukan fito da hannuwansu a gaba, yatsu a buɗe, kamar suna cikin yi wa wani bayani. Wanda ya ga hoton da ya yi wa Erard de la Marck, babban limamin kirista kuma mai mulkin Liège, wanda yake gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam, zai gane abin da ake nufi. Margaret ta rasu a ƙarshen wannan shekara ta 1530, sai Mary ta Hangari, ƙanwar Charles, ta gaje ta a riƙon ƙasa, ta kuma gaji mai zanen.

Sai batun gemu. Karel van Mander, wanda ya wallafa tarihin masu zanen ƙasarsu a 1604, ya ba da labarin cewa Vermeyen dogon mutum ne kyakkyawa, gemunsa kuwa ya yi tsawon da ko yana tsaye zai iya taka shi, kuma kullum cikin gyaransa yake. Shi ya sa Sifaniyawa suka laƙaba masa Barbalonga, wato Dogon Gemu. Van Mander ya ƙara da cewa mutum ne masanin lissafin awo da safiyon ƙasa. Wannan na biyun ya fi gemun muhimmanci, kamar yadda za mu gani.

Darduma da Yaƙoƙin Mutanen Da

Birnin Burasel shi ne cibiyar wannan saƙa a duk faɗin Turai. Har Fafaroma Leo na Goma, da ya sa Raphael ya zana masa tarihin manzannin Almasihu a 1515 zuwa 1516, can ya aika da zanen aka saƙa. Tun daga 1528 doka ta wajabta wa masaƙan birnin su saƙa tambarin gari a gefen kowace babbar darduma, wato harafin B guda biyu da garkuwa a tsakani, saboda masu jabu sun yi yawa.

Me sarakuna suka fi so a saƙa musu? Bayan ƙissoshin addini, babu kamar yaƙin mutanen da: yaƙin Taroy, da na Iskandar Mai Girma, da na Kaisar, da na Scipio da Hannibal. Dalilin a fili yake. Sarkin da ya zauna a ƙarƙashin hoton Iskandar yana gaya wa jakadun da suka zo gaishe shi cewa shi ne Iskandar na zamaninsa, ba tare da ya furta ba. Kirari ne, sai dai da zare aka yi shi.

Labarin Scipio ya fi shafar mu a nan. Shi ne jarumin Rumawa da ya tsallaka Bahar Rum ya karya Hannibal a Zama a shekara ta 202 kafin Miladiyya, a cikin ƙasar da ake kira Tunisiya a yau, har aka yi masa laƙabi da Africanus, wato wanda ya ci Afirka. Daga baya, a shekara ta 146 kafin Miladiyya, Rumawa suka rushe birnin Kartaj ƙurmus. Sarkin Faransa Francis na Ɗaya, babban abokin gabar Charles, ya sa an saƙa masa tarihin Scipio a Burasel, dardumomi 22, bisa zanen Giulio Romano, aka gama a wajajen 1535. A ciki akwai giwayen Hannibal suna tattake dakaru a Zama. Wannan jeri bai kai zamaninmu ba, domin a 1797 gwamnatin juyin juya halin Faransa ta ƙona shi don ta tace zinariya da azurfar da ke ciki. Mary ta Hangari ma ta sayi nata jerin na Scipio a 1544.

Shi kuwa Charles ya riga ya ɗanɗana wani abu da ya fi wannan daɗi. A 1531 aka ba shi kyautar dardumomi bakwai da Bernard van Orley ya zana, masu nuna yaƙin Pavia na 1525, inda dakarunsa suka kama Sarkin Faransa da hannu. Sai dai Charles bai halarci Pavia ba, yana Sifaniya aka kai masa albishir. Abin da ya rage masa shi ne yaƙin da zai ja da kansa.

Tafiya Tunis

A watan Agusta na 1534 Hairuddin, shugaban rundunar ruwa ta Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ya kama Tunis ya kori sarkinta Mulay Hasan na gidan Hafsawa. Turawa suna kiran Hairuddin da Barbarossa, wato Jan Gemu, laƙabin da ya gada daga yayansa Aruj. Ga Jan Gemu a ganuwa, ga Dogon Gemu a jirgi yana tafe. Tunis ba baƙon wuri ba ne ga mutanen ƙasarmu. Tana cikin biranen da ayarin fatake ke dangana da su ta hanyar Gadamas, kuma Ƙairawan, garin mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, tana kudu da ita.

Zaman Barbarossa a Tunis barazana ce ga Sisili da Naples, waɗanda duk ƙasashen Charles ne, domin tsallake ɗaya ne tsakaninsu. Mulay Hasan kuma ya nemi taimako. A nan ya kamata mai karatu ya lura da yadda lamarin ya cakuɗe. An shelanta yaƙin a Turai a matsayin yaƙin addini, amma sarki Musulmi za a mayar kan gadonsa, kuma Sarkin Faransa, wanda yake Kirista, yana ƙulla abota da Turkawa a daidai lokacin. Wani ɓangare na kuɗin yaƙin kuwa daga zinariyar da Sifaniyawa suka ƙwato a hannun Atahualpa, sarkin Inka na ƙasar Peru, ya fito.

Vermeyen ya riga ya isa Sifaniya tun 1534. A ƙarshen watan Mayu na 1535 rundunar ta tashi daga Basalona, ta haɗu da sauran jirage a Cagliari ta tsibirin Sardiniya. Jiragen sun kai wajen 400, mayaƙa kuma wajen 30,000, Sifaniyawa da Italiyawa da Jamusawa da mutanen Fotugal, Andrea Doria na Genoa ne ke jagorantar jiragen. Charles ya ɗebo marubuta tarihi da mawaƙa a cikin ayarinsa, ciki har da Garcilaso de la Vega, wanda har yau ɗaliban adabin Sifaniyanci ke karanta waƙoƙinsa, kuma ya sami rauni a wannan yaƙi. Sarki ya san abin da yake so tun kafin a harba kibiya ɗaya: a yi yaƙi, a kuma rubuta shi, a zana shi.

A tsakiyar watan Yuni suka sauka a gaɓar teku, daidai kangon tsohon birnin Kartaj. Babu wanda ya karanta tarihin Rumawa a cikinsu da bai tuna Scipio ba. Kusan wata guda suka yi suna luguden igwa a kan ganuwar Halƙul Wadi, wadda Sifaniyawa ke kira La Goleta, ita ce ke tsare mashigar tafkin Tunis. Zafi da ƙishirwa da ciwon ciki sun yi musu ɓarna ƙwarai. Ranar 14 ga Yuli ganuwar ta faɗi, aka kama jiragen Barbarossa da igwoginsa masu yawa. Daga nan rundunar ta doshi birni, aka gwabza a kan rijiyoyin da ke hanya, domin a wannan rana wanda ya riƙe ruwa shi ya riƙe yaƙi. Ana cikin haka sai dubban bayi Kiristoci da ke tsare a ƙasabar birnin suka ɓalle suka kame ta. Barbarossa ya ga ba dama, ya fice ya nufi Annaba, daga can ya wuce Aljaza'ir.

Ranar Laraba, 21 ga Yuli, 1535, wadda ta faɗo cikin watan Muharram na 942 bayan Hijira, dakarun Charles suka shiga Tunis, aka sakar musu gari kwana uku. Majiyoyin Turawa da yawa sun ƙiyasta waɗanda aka kashe da 30,000, ban da dubban da aka kama bayi. Ibn Abi Dinar, marubucin tarihin Tunis na ƙarni na 17, ya ruwaito cewa kashi ɗaya cikin uku na mutanen birnin an kashe su, kashi ɗaya an bautar, kashi ɗaya sun gudu. Mutanen garin ba su suka gayyato Barbarossa da rundunarsa ba, kuma sarkinsu ne ya gayyato waɗanda suka yi musu wannan aika-aika. An wawashe littattafan Larabci, wasunsu suna ɗakunan karatu na Turai har yau. Paolo Giovio, marubucin tarihi na Italiya, ya ce shi kansa Mulay Hasan ya yi baƙin cikin asarar littattafansa da turarukansa.

Duk wannan a gaban idon Vermeyen aka yi. Ya zana jirage da sansani da ganuwa, ya zana tufafin Larabawa da na Turkawa, da raƙuma, da doguwar magudanar ruwan nan da Rumawa suka ɗora a kan ginshiƙai tun ƙarni na 2 don kawo ruwa Kartaj daga dutsen Zagwan. Ya kuma zana Mulay Ahmad, ɗan sarkin Tunis, da rawani da takobi. Hoton fentin ya ɓace, amma Rubens ya kwafe shi a farkon ƙarni na 17, kuma kwafin yana gidan tarihi na Boston a Amurka.

Charles ya koma ta Sisili da Naples, ya shiga birnin Rum a watan Afrilu na 1536, ana yi masa kirari da sabon Scipio, ana kiransa Africanus. Barbarossa kuwa tun a watan Satumba na 1535 ya riga ya faɗa wa garin Mahon na tsibirin Minorka, ƙasar Charles, ya kwashi mutanensa bayi.

Daga Takarda Zuwa Masaƙa

A 1536 hukuma ta ba Vermeyen izinin cewa shi kaɗai ne zai buga hotunan yaƙin Tunis ya sayar. Yana cikin mutanen farko a ƙasarsu da suka ƙware a zane a kan farantin ƙarfe, inda ake zuba sinadari ya ci layukan, sannan a shafa tawada a buga a takarda. Amma babban aikin sai da ya jira shekara 11. Kafin lokacin abubuwa sun sauya. A 1541 Charles ya kai wa Aljaza'ir hari, guguwa ta farfasa masa jirage, ya dawo da kunya. Ba abin mamaki ba ne da gidan sarauta ya waiwayi nasarar 1535 yana son a dawwamar da ita.

A watan Yuni na 1546 Mary ta Hangari ta ƙulla yarjejeniya da Vermeyen a kan ya zana samfura 12. Samfuri a nan shi ne zanen da masaƙi zai bi, kuma girmansa daidai yake da girman dardumar da za a saƙa. Ana liƙa takardu da yawa su zama shimfiɗa guda, a zana da gawayi, a bi da launin ruwa. Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, don haka ya yi shi da mataimaka, kuma masana da yawa suna ganin akwai hannun Pieter Coecke van Aelst a ciki, wanda shi ma ya taɓa zuwa Istanbul ya ga Turkawa da idonsa. A 1548 aka ba Willem de Pannemaker, babban masaƙin Burasel, aikin saƙar.

Yadda ake saƙar abin sha'awa ne, musamman ga wanda ya taɓa tsayawa a kan masaƙanmu na gargajiya. Namu masaƙin yakan jefa ƙoshiya daga wannan gefe ta fita wancan, ya fitar da sawu siriri, daga baya a ɗinke sawaye su zama zane. Masaƙin dardumar bango ba ya ratsa faɗin da zare ɗaya. Kowane launi yana da kwarkwaronsa, kuma zai saƙa shi ne iyakar inda launin ya tsaya a hoto, ya ajiye, ya ɗauki wani. Idon doki kaɗai yana iya cin launi huɗu ko biyar. Zaren tsaye yana kwance ne a gabansa kamar tebur, ana yanka samfurin gida-gida a sa a ƙarƙashin zaren, yana leƙawa yana bi. Kuma ta baya yake saƙar, ba ya ganin fuskar aikinsa sai an gama. Saboda haka hoton yakan fito a juye, dama ta koma hagu. Dole mai zane ya yi lissafin wannan tun farko: idan yana son barde ya riƙe takobi da hannun dama a darduma, sai ya zana shi da takobi a hagu. Ka tuna kuma taswirar gari da tafki da teku ce ake zanawa a juye, ka ga inda ilmin awon Vermeyen ya yi rana.

Ba a yi rowar kaya ba. Daga Garnada aka kawo alharini, zaren zinariya da na azurfa kuma daga Milan. Masaƙa da dama suka jeru a kan kowace darduma, kafaɗa da kafaɗa, daga safe zuwa yamma, amma duk da haka sai a 1554 aka kammala. Kowace ɗaya ta haura mita 5 a tsayi, faɗin kuwa daga mita 7 zuwa 12, jimillarsu wajen murabba'in mita 600. A saman kowace akwai bayani da Sifaniyanci, a ƙasa kuma baitoci da Latin. Wannan ma siyasar harshe ce: Latin domin malamai da jakadun Turai duka, Sifaniyanci domin mutanen da suka fi zuba kuɗi da jini a yaƙin.

Abin da ke Jikinsu

Darduma ta farko taswira ce ta yammacin Bahar Rum, amma an kifar da ita yadda Afirka take sama, Turai take ƙasa, kamar mutum yana tsaye a Sifaniya yana hangen inda za shi. A gefe ga Vermeyen da kansa a tsaye, da gemunsa, kusa da allon bayani. Ta biyu tana nuna Charles a kan doki cikin sulke yana duba runduna a Basalona, ga magatakarda suna rubuta sunayen mayaƙa. Daga nan sai sauka a Kartaj, da kewaye Halƙul Wadi, da faɗuwarta, da tafiya Tunis, da wawashe birnin, har zuwa komawar runduna cikin jirage.

Wanda ya saba da dardumomin Scipio da na Iskandar zai ga bambanci nan take. A cikin waɗancan, jarumi yakan cika tsakiyar hoto, dokinsa ya yi tsaye da ƙafa biyu, abokan gaba suna zube a ƙarƙashinsa. A na Vermeyen, kamar daga kan tsauni ake hangen komai. Ƙasa da teku da tafki su suka ci rabin hoton, runduna tana tafe kamar tururuwa, kuma a wasu sai ka yi da gaske kafin ka gano inda sarki yake. Manyan mutanen da ke gaba-gaba sau da yawa ba sarakuna ba ne. Dakaru ne, da masu tuƙa jirgi, da mata, da barden Larabawa a kan dawakansu da dogayen masu. Bai mayar da mutanen Tunis dodanni ba. Ya ba su fuska da tufafi da kwarjini yadda ya gan su.

Bai kuma ɓoye wasoson ba. Ga sojoji suna fitowa da kaya, ga mata da yara ana kora su, ga gawawwaki a ƙasa. A wani wuri ya sake zana kansa a tsakiyar fage yana zane, wato yana shaida cewa ganau ne shi ba jiyau ba. A nan ne masana suka rabu. Wasu suna ganin tausayi ne ya sa ya nuna wahalar waɗanda aka ci da yaƙi. Wasu kuma suna cewa a idon mutanen fadar Charles, hoton bayi da ganima ado ne na nasara, babu wanda zai gan shi ya ji kunya. A ganina magana ta biyu ta fi ƙarfi, domin Mary ta Hangari tana bin aikin sau da ƙafa, kuma da ta ga abin da zai zubar da girman yayanta da ba a saƙa shi da zinariya ba. Sai dai ko da wace niyya aka yi, abin da ya zana ya zama hujja. Mutumin Tunis na yau zai iya tsayawa gaban dardumar da aka saƙa don yabon wanda ya ci garinsu, ya nuna da yatsa abin da aka yi wa kakanninsa. Amma kada a ɗauke ta kamar hoton kyamara. Shekara 11 ta shiga tsakanin gani da zanawa, an haɗa abubuwan da suka faru a ranaku dabam-dabam cikin hoto guda, kuma mai biyan kuɗi yana tsaye a kansa.

Da aka gama, Ingila aka fara kai su a 1554, domin bikin auren Philip, ɗan Charles, da Sarauniya Mary Tudor. Daga nan suka zama kayan fito-na-fito na gidan sarautar Sifaniya, ana rataya su a manyan bukukuwa. A lokacin kuwa Mulay Hasan da aka yi yaƙin dominsa ya riga ya rasa gadon. Ɗansa Ahmad, wanda Vermeyen ya zana, shi ya tumɓuke shi a farkon shekarun 1540, ya kuma sa aka makantar da shi. A 1574 Turkawa suka ƙwace Tunis da Halƙul Wadi gaba ɗaya, shekara 20 kacal bayan an sauke dardumomin daga masaƙa.

Ƙarshen Rayuwarsa

Vermeyen ya ƙarasa rayuwarsa a Burasel cikin rufin asiri. Tunis ba ta fita daga ransa ba. A hoton da ya yi wa iyalin Micault, wanda ke gidan tarihi na Burasel, ƙissar tayar da Li'azaru ce daga cikin Linjila, amma a bayan mutanen sai ga kangayen gine-ginen Rumawa irin waɗanda ya gani a Afirka ta Arewa. Charles ya sauka daga mulki a 1555, ya rasu a 1558, Mary ta bi shi a cikin shekarar. Vermeyen ya rasu a 1559, aka binne shi a majami'ar Saint-Géry ta Burasel.

Ayyukansa na fenti ba su yi sa'a ba. Rikicin addini da ya ɓarke a ƙasar daga 1566, inda masu bore suka riƙa farfasa hotuna da gumaka a majami'u, ya ci wasu. Gobarar fadar El Pardo ta kusa da Madrid a 1604 ta ci wasu. Wannan ya sa sunansa ya dushe na tsawon lokaci, har sai da Hendrik Horn ya wallafa babban nazari a kansa cikin juzu'i biyu a 1989.

Aikin Tunis kuwa ya rayu. Goma daga cikin dardumomi 12 na asali suna hannun hukumar kula da kayan gidan sarautar Sifaniya a Madrid. Da suka fara tsufa saboda yawan ratayawa, Sarki Philip na Biyar ya sa an sake saƙa irinsu a ƙarni na 18, kuma ana ganin wasu daga cikin waɗannan a fadar Alcázar ta birnin Sevilla, wato Ishbiliya ta zamanin Andalus. Samfuran takarda, waɗanda galibi akan yi amfani da su har su yage a zubar, goma sun tsira. An ma sake ɗora su a masaƙa a Burasel tsakanin 1712 da 1721 aka saƙa wa sarkin sarakuna Charles na Shida sabon jeri. Yanzu suna gidan tarihi na Kunsthistorisches a birnin Biyana.

Ya bar ɗa mai suna Hans, wanda bai bi sana'ar zane ba, ya zama maƙerin zinariya, har ya kai ga yi wa sarkin sarakuna Rudolf na Biyu aiki a birnin Prag. Shi masana ke danganta wa ƙera kambin Rudolf na 1602, wanda daga baya ya zama kambin daular Ostiriya. Kambin yana taskar fadar Hofburg a Biyana, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa daga inda samfuran mahaifinsa suke.